Ranar da Na Yi wa Kwallin Dada Lacca

Ba zan taɓa mantawa da wani bikin rabon kyaututtuka na makarantarmu ba, kuma ko na so in manta, tsofaffin garinmu ba za su bari ba. Har yau in na je gida sai wata ta tare ni a bakin rijiya ta ce, "Malam, an zo mana da kwalli kuwa?" sannan ta ja mayafi ta rufe baki tana dariya. Ni kuwa sai in yi murmushin yaƙe in ƙara sauri, don na san abin da na shuka.

A farkon shekarun shari'a ne abin ya faru. Lokacin ina koyar da fiziks a wata sakandare a Dutse, ina kuma zirga-zirga zuwa Kano don karatun digiri na biyu. Bincikena a kan tsatsa yake. (Riƙe dariyarka tukuna, wurinta yana gaba.) Ba jar tsatsar nan da ke cin kwanon rufi ba, wata 'yar uwarta ce baƙa wadda maganaɗisu ke ja. Muna haɗa ta a ɗakin gwaji ta fito gari, garin da laushinsa ya kai ko da madubin likita ba za ka ga ƙwaya ɗaya ita kaɗai ba. Abin da nake son sani shi ne, me ya sa duk yadda ƙwayar ta ƙara ƙanƙanta sai ƙarfin bin maganaɗisunta ya ragu? Amsar tana jikin fatar ƙwayar. Zarra, wato ƙananan ɓurɓushin da suka haɗu suka yi ƙwayar, waɗanda ke can ciki duk alƙibla ɗaya suke fuskanta, amma waɗanda ke fata kowace inda ta ga dama take kallo, ga shi kuma su iska ke fara ci. In ƙwaya ta yi ƙanƙanta, kusan rabinta fata ne.

Ni wannan magana har cikin raina take burge ni. Baffa kuwa ko a jikinsa.

Baffa ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami a wani ƙauye gaba da Kiyawa. Yana da 'yan shanunsa, yana kuma da shagon hatsi a kasuwa. Gwiwa ta fara damunsa, 'ya'yansa mata ne duk sun yi aure, saboda haka idonsa na kaina. Ni kuma burina in gama wannan digiri in wuce na gaba, kuma a gidanmu ba a ɗaga ƙafa sai babba ya ce je ka. Da na kai masa maganar, yana zaune a zaure yana murɗa rediyonsa, bai ko ɗago ba.

Ya ce, "Likita na ga allurarsa. Mai gyaran rediyo na ji rediyon ya yi magana. Kai shekara da shekaru in an tambaye ka sai ka ce tsatsa. To gani ya kori ji. Ka nuna mini abu ɗaya in gani da idona. In babu, kaka na yi ka zo ka karɓi mukullin shago."

Ban yi musu ba, don ba a yi wa Baffa musu. Amma na san ni da mudu ba mu taɓa shiri ba, kuma ina son karatun nan kamar raina.

Watanni na yi ina fama kafin garin ya fito yadda nake so. Yau babu sinadari, gobe wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, jibi abin ya fito ja kamar ƙasar bulo. Ga wani wari da ke kama tufafi, har in na shiga motar Dutse fasinjoji su riƙa matsawa suna kallona a kaikaice. Ranar da ya fito baƙi ƙirin, na kawo maganaɗisu ya taso ya miƙe tsaye kamar gashin bushiya, saura kaɗan in rungume mai sharar ɗakin gwajin. Duka-duka bai wuce cikin cokali ba. Na wanke shi tas, na busar, na ɗura a wata tsohuwar kwalbar allura mai murfin roba.

Malamin da ke duba aikina ya ce, "Ka manna mata takarda, ka rubuta abin da ke ciki."

Na ce to. A zuciyata kuwa na ce, ni da na haifi abu zan manta kamanninsa? Ban manna komai ba.

Daga nan na biya kasuwa sayen tsaraba, don ba a shiga gidanmu hannu rabbana. Na sai wa Baffa goro da turare. Dada kuwa, mahaifiyarsa, kakata wadda ba ta kirana da komai sai Maigida, kwalli ne tsarabarta ta kullum. Na sa aka ba ni niƙaƙƙe mai kyau. Kuma ka san a me mai kwallin ya ɗura mini? A tsohuwar kwalbar allura mai murfin roba. A lokacin duk wani ƙaramin abu mai daraja a irin wannan kwalba ake ajiye shi, daga turare har maganin ido. Na naɗe kowace a cikin safa don kada su fashe, na jefa a jaka.

Ina isa gida, ko ruwa ban sha ba Dada ta taso.

"Maigida, ina tsarabata? Ko yau ma sai na kai ƙararka?"

Na zura hannu a jaka ina cika baki, na zaro safa ɗaya na miƙa mata. Ta shi mini albarka har da tafa mini kafaɗa. Washegari na koma Dutse, na tura ɗaya safar can ƙasan akwati, na kulle.

Ba a jima ba shugaban makarantarmu ya kira ni ofis. Mutum ne mai son a fita kunya. Ya ce bikin rabon kyaututtuka ya matso, iyaye za su zo, ana kuma sa ran babban baƙo daga ƙaramar hukuma, yana so sashen kimiyya ya nuna wani abu da zai burge. Nan take na ga Allah ya kawo mini mafita. Na ba shi labarin garina da yadda yake miƙewa tsaye. Ya yi murna, sannan ya rage murya.

"Amma Malam, ka san zamanin da muke ciki. Ka yi bayani dalla-dalla da Hausa. Kada wani ya tashi ya ce rufa-ido muke koya wa yaran mutane."

Wannan gargaɗi shi ya sa na duƙufa kan bayani. Na rasa yadda zan faɗi maganar fatar ƙwaya Baffa ya gane, sai wata rana ina kallon wani garke yana tsallaka titi dabara ta faɗo mini. Shanun da ke tsakiyar garke duk inda aka kora nan suke bi, na gefe kuwa su ne masu waiwaye, wannan ta kai baki gonar mutane, waccan ta tsaya. In garke babba ne, na gefen kaɗan ne, ba sa hana tafiya. In kuwa 'yan ƙalilan ne, kusan kowace saniya ta gefe ce. Wallahi da na samo wannan misali sai da na ji kaina ya yi girma. Na haddace shi, na maimaita a gaban madubi, na gwada inda zan ɗaga hannu da inda zan yi shiru don jama'a su yi kabbara.

Na gwada murya, na gwada tsayuwa, na gwada sabon kaftanina. Na ciro wani ƙaton maganaɗisu daga matacciyar lasifikar makaranta, na gwada shi da ƙusa. Abu ɗaya ne ban gwada ba, wato garin kansa. Hujjata ita ce in na buɗe kwalbar iska za ta shiga ta ci fatar ƙwayoyin. (Hujjar gaskiya ce. Sai dai maganaɗisu yana ja ta bayan kwalba ba sai an buɗe ba, kuma ni nake koya wa yara haka. Ban dai ga dalilin gwada abin da na riga na sani ba.)

Na aika wa Baffa saƙo ta hannun direban motar kasuwa, na ce ya zo ya gani da idonsa.

Ranar Asabar aka yi taron. An kafa rumfuna biyu a filin makaranta, maza a dama, mata a hagu, an ja igiya a tsakani kamar yadda aka koma yi a shekarun. Na roƙi alfarma aka ba Baffa kujera a sahun gaba. Ya zo cikin babbar rigarsa ta Sallah, ya zauna ya dafa sandarsa, fuskar nan ba yabo ba fallasa. Abin da ban shirya masa ba shi ne Dada. Ashe ta bi gida-gida ta shelanta cewa Maigida zai yi abin mamaki a birni, ta ciko mota guda da tsofaffin unguwarmu. Ina hango su daga nesa sun jeru a rumfar mata, suna nuna ni da baki.

Aka yi addu'a, aka yi jawabai, aka raba kyaututtuka. Sai mai gabatarwa ya kira ni, ya haɗa mini da kirarin da ban roƙa ba, wai masanin da Jigawa ke alfahari da shi. Na hau dandamali ina taku ɗai-ɗai. Na ajiye farin farantin roba a kan tebur, na ɗaga kwalbar sama yadda kowa zai gani.

Na ce, "Jama'a, abin da ke cikin kwalbar nan wata da watanni na yi ina haɗa shi. Yanzu za ku ga gari ya tashi tsaye da ƙafarsa. Ba tsafi ba ne, ba rufa-ido ba ne, ilimi ne."

Na cire murfin na zazzage a faranti. Na lura yana wani ƙyalli-ƙyalli da ban san shi da shi ba, amma na ce hasken rana ne. Na ɗaga farantin, na kawo maganaɗisu ta ƙasa, na yi shirun nan da na gwada a gaban madubi.

Garin bai motsa ba.

Na matsar da maganaɗisun hagu, na dawo da shi dama. Na juya shi ta ɗaya fuskar. Na goga shi a jikin kaftanina, abin da ko ɗan aji ɗaya ya san ba ya ƙara komai. Na zaro mukullin ɗakina na kawo kusa, ya yi tsalle ya manne ƙam, har wasu suka fara tafi suna zaton abin mamakin ke nan. Na koma kan garin. Yana nan kwance abinsa, yana ƙyalli. Na saci kallon Baffa, na ga ko ƙifta ido bai yi ba, sai na hango kaina a bayan buhunan gero ina kore awaki.

Mai hankali a nan zai ce, jama'a a yi mini afuwa, an sami matsala. Ni ban yi haka ba. Borin kunya ya hau ni, na jawo abin magana kusa da bakina.

Na ce, "Alhamdu lillahi! Jama'a, abin da kuka gani yanzu shi ne ainihin abin da nake bincike a kai!"

Daga nan na ɓalle. Na kawo maganar fata da ciki. Na kawo iska da yadda take cin fata. Na koro garken shanuna na baje su a filin, na ce ƙwayoyin nan sun yi ƙanƙanta har ta kai babu saniyar tsakiya ko ɗaya, duk garken ya zama na gefe, kowace ta kama gabanta, shi ya sa makiyayi ya kira ba wadda ta amsa. Abin da ya fi ba ni kunya in na tuna shi ne, ina cikin faɗa sai na fara yarda da kaina. Na ce a raina, kai, ko dai na gano wani sabon abu ne da ba wanda ya taɓa ganowa? Har na fara hango sunana a littattafai. Murya ta ƙara tashi, hannu ya ƙara ɗaguwa. Shugaban makaranta yana gyaɗa kai, babban baƙo ya ce, "Ikon Allah!" Wasu suka yi mini tafi na gaske.

Sai wani dattijo daga tsakiyar rumfar maza ya ɗaga hannu cikin ladabi.

"Malam, a gafarce ni, ni ban yi boko ba. Wato abin mamakin shi ne ba abin da ya faru?"

Dariya ta fara tashi daga baya, tana gangarowa gaba. Ita ce dariyar da Dada ta kasa jurewa. Ana dariyar Maigidanta a bainar jama'a tana zaune? Ta miƙe da ƙyar, ta dafa igiyar nan da aka ja, kuma Dada ba ta taɓa buƙatar lasifika ba.

"Kai, ku yi wa yaro adalci! Ba laifinsa ba ne, kayan birni ne yanzu duk algus. Ko kwallin da ya kawo mini tsaraba haka yake. Ba ya ƙyalli ko kaɗan, kuma ranar nan ya zube kusa da rediyon Baffansa, sai ga shi ya bi ya manne a bakin rediyon, rediyo ya yi gemu. Da ƙyar na kankare shi!"

Ban san yadda zan kwatanta maka abin da na ji ba. Na dubi farantin da ke hannuna, na dubi ƙyallin nan da na ɗora wa rana laifinsa. Safa biyu, kwalba biyu, ba takarda ko ɗaya. Wato duk wannan lacca, da garken shanu, da ɗaga hannu, da hango suna a littattafai, kwallin kakata na tsaya ina yi wa.

Da ma a nan abin ya tsaya. Amma shugaban makaranta, wanda bai gane komai ba tukuna, ya ce, "Hajiya, kwallin yana nan tare da ke?"

"Yana nan mana. Ina zan je ba tanduna?"

Ta kwance bakin zane ta ciro ɗan tandunta na fata. Aka miƙo shi hannu-hannu, ya tsallake igiya daga rumfar mata zuwa ta maza, ya bi ta hannun babban baƙo, ya iso gare ni. Ba yadda zan yi, na ture kwallin gefe guda, na karkaɗe ɗan abin da ke cikin tandun a ɗaya gefen, na kawo maganaɗisu ta ƙasa.

Ya tashi. Ya miƙe tsaye cak, tsinke-tsinke, in na ja hannu hagu ya biyo ni, in na dawo ya dawo. Bai taɓa yin kyau irin na ranar ba, ɗan banza.

Wurin ya kaure. Masu kabbara na yi, masu dariya na yi, ɗalibai suna dukan benci. Dattijon nan mai tambaya har hularsa ta faɗi. Ni kuwa ina tsaye ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Sai wani tsoro ya zo ya danne kunyar, na manta abin magana yana bakina na ce, "Dada, ba dai kin sa a ido ba?"

Ta ce, "To a ina ake sa kwalli, a ƙafa? Ai duk mun sa. Tsaraba ce, ni kaɗai zan cinye? Kowa na ɗiba mata."

Na kai dubana rumfar mata. Tsofaffin unguwarmu reras, kowace ta rambaɗa aikin watannina a idonta, suna kallona cikin alfahari. Na juyo sahun gaba a hankali, ina addu'a. A shekarun nan maza sun koma sa kwalli sosai don raya sunna, kuma Baffa ba ya zuwa taro sai ya sa. A tandun wa zai ɗiba in ba na mahaifiyarsa ba? Idanun da suka zo ganin bincikena, da binciken aka zagaye su.

(Kafin hankalinka ya tashi: ba wanda idonsa ya ko yi ja. Na wanke garin sosai tun a ɗakin gwaji, kuma daga baya na ji cewa irin wannan baƙar tsatsa ana sa ta a kayan kwalliyar zamani. Amma a ranar ban san haka ba, har na fara tunanin yadda zan yi wa alƙali bayanin makantar da unguwa guda.)

Dada ba ta gama da ni ba. Ta ce, "To tunda nawa ne a farantin, a maido mini abina." Haka na tsaya a gaban iyayen yara da babban baƙo ina tattara kwalli da gefen takarda ina ɗura mata a tandu. Kafin in sauko daga dandamali ɗalibai sun riga sun raɗa mini suna, Malam Kwalli, kuma har na bar makarantar bai sake ni ba.

Mota ɗaya muka koma ƙauye, don dole in bi sawun sauran garin tun bai ƙare a ido ba. Tsofaffin suna baya, da an yi shiru sai wata ta ce "rediyo ya yi gemu," su sake fashewa. Baffa yana gaba kusa da direba, bai ce uffan ba har muka isa. Wannan shirun ya fi dariyar ciwo. Na riga na sallama, har na fara tunanin wa zan bar wa littattafaina.

Da safe muka fita. Namiji ba ya shiga gidan mutane, saboda haka Dada ce ke shiga ta karɓo, ni ina tsaye a ƙofar zaure kamar mai jiran sadaka. Ban zata ba sai ga Baffa ya biyo mu yana ɗingishi. Ya miƙo hannu, na ba shi maganaɗisun da farantin. Duk abin da Dada ta fito da shi, shi ke zubawa ya gwada.

A nan na ga abin da ban taɓa tsarawa ba. Kowace tsohuwa da yadda ta ajiye nata. Wadda ta ƙulle a 'yar takarda ta sa a taga, nata ya fara komawa ruwan ƙasa, in an kawo maganaɗisu yana tashi amma da nawa. Na cikin tandu da dama-dama. Wata kuwa da ta ga ba ya kama ido sai ta kwaɓa shi da man shanu, nata yana nan baƙi ƙirin. Man ya rufe fatar ƙwayoyin, iska ba ta samu ta ci ba.

Baffa ya daɗe yana kallon na takardar da na man shanun. Sannan ya yi magana, karo na farko tun jiya.

"Wannan jan, na gefen ne suka watse?"

Na ce, "Su ne, Baffa."

"Wannan kuma an yi musu shinge."

Na ce, "Haka ne." Ashe duk haukan da na yi a dandamali yana saurare.

Muka dawo zaure, ya zauna ya miƙe ƙafar mai ciwo. Na durƙusa ina jiran mukulli. Ya ɓare goro, ya ci, ya ɗauki lokacinsa.

Ya ce, "Na yi tunani. Mutumin da zai ba kakarsa kayan aikinsa ta sa a ido, shi kuma ya hau gaban jama'a da kwalli, in na ba shi shago, dawa zai auna wa mai neman gero. In mai saye ya yi magana kuma ya tsare shi da bayani har kasuwa ta watse. Ba zan kashe shagona da hannuna ba. Ka koma makarantarka."

Na sunkuyar da kai, dariya da hawaye suka taho mini tare, na rasa wanda zan fara. Na ce, "Na gode, Baffa. Allah ya ƙara girma."

Ya kawar da kai, irin na mutanenmu da ba sa yabon nasu a gabansa. Ya ce, "Wannan ƙarfen ka bar mini shi. Da ɗan garin, kaɗan."

Na bar masa. (Na sai wa makaranta wata tsohuwar lasifikar a madadinsa, kada ka ce na yi sata.) Ragowar da na tsira da shi na kai Kano, kowane kashi a kwalbarsa, kowace kwalba da takarda manne har biyu. Bambancin nan na takarda da tandu da man shanu shi ya zama babi mafi kyau a kundina. Da malamina ya tambaye ni yadda aka yi na yi tunanin gwada man shanu, na gyara zama na ce dogon nazari ne. Bai san labarin ba sai ranar da Dada ta zo bikin yaye mu, ta same shi ta zayyane masa tas.

Daga baya direban motar kasuwa ya ba ni labari cewa duk ranar kasuwa Baffa yakan fito da farantin a ƙofar shago, ya tara mutane, ya sa garin ya miƙe tsaye, ya yi musu bayanin shanun tsakiya da na gefe. In an tambaye shi ina ya samo, sai ya ce, "Aikin yaron nan ne," ya ci gaba da awonsa. Ni bai taɓa faɗa mini ba, ni ma ban taɓa nuna masa na ji ba.

Yanzu ni ke duba aikin ɗalibai. Duk wanda ya zo mini da gwajin da ya ƙi, ya buɗe baki zai fara zuba mini dalilai masu zurfi, sai in ɗaga masa hannu. Nakan ce ya adana bayaninsa, na fi shi iyawa, na taɓa yi wa kwalli lacca har aka tafa mini. Ya fara komawa ya duba kwalbar tukuna, sannan ya je gida ya tambayi kakarsa me ya kai mata tsaraba.